Wayoyin da Ya Naɗe

A rumfar mai kayan lantarki, wata mata ta tsaya tana jujjuya makunnin fanka a hannunta.

"Wa zai ɗaura min?"

Mai rumfar ya yi dariya. "Waya biyu ce fa, Hajiya! Maigida ba zai iya ba?"

"Shi ya fara. Ya cire tsohon, ya naɗe wayoyin da salatif, ya ce in ya dawo aiki zai ƙarasa."

"Halinmu ke nan, maza! Ki matsa masa."

"Gawarsa aka kawo min. Zafi ne ya hana yara barci, da ban taɓa bangon nan ba."

Dariyarsa ta ɗauke. "Allah ya ji ƙansa. Da kaina zan zo."

"To. Amma ka kwance salatif ɗin a hankali, adanawa zan yi."