Sawun da ke gudu kusa da ni

Salamu alaikum malam mai gabatar da shiri, sannu da aiki. Sunana Iliya, daga Bangi.

Ina buga ƙwallon bidiyo, har Madawa muke tahiya gasa. Wani lokotoro, wato likita, ya ce mini gudun sassahe yana wasa ƙwaƙwalwa, sai na kama gudu ta bayan gonakin gero. Wallahi ya yi gaskiya. Hankalina ya natsu, yatsuna suka ƙara sauri bisa manet, abin nan da ake latsawa a buga wasan, na daina shan kashi.

To amma hanyata ta gindin tsamiyar da kakanninmu ke yi wa yanka ta bi. Kakata ta ce, "Iliya, ba a wuce wurin nan da gudu, sai an tsaya an yi sallama." Na yi dariya. Washegari ina dawowa, sai ga sawun mutum ba takalmi kusa da nawa, takinmu ɗaya, kuma ban ga kowa ba.

Na bar gudun, wasana ya lalace. Yau da sahe na iske sawun a bakin ɗakina, ya juya wajen hanya.

Gasa ta matso. Jama'a, in hita ko in zauna?