Facin Yaya Man-seok

Fasto Gil, limamin cocin wannan gida, Shugaba Ma Dong-cheol na ƙungiyarmu ta masu hawan dutse, Solbaram, dattawan unguwa, matar Yaya, Yeo Sun-deok, 'yarsu Hye-rim da maigidanki, 'yan uwana na bas ɗin Asabar. Ina gaishe ku ɗaya bayan ɗaya, sannunku da zuwa.

Ni ne Bong Gi-tae, mai shagon aski a bayan tashar Daejeon. Shugaba ya ja mini kunne in yi magana a natse, tunda yau shekara guda da rasuwar Yaya Pyo Man-seok. Shugaba, ka yi haƙuri, ba zan iya ba. Labarin mutumin nan ba ya faɗuwa a natse.

Ya kasance mai gyaran famfo da tukunyar ɗumama ɗaki. Tsofaffin unguwar nan sun san wanda ke zuwa da akwatin ƙarafunansa idan ƙasan ɗaki ya yi sanyi a tsakiyar hunturu, ya gyara, ya sha shayi, ya fice kafin a buɗe bakin godiya. Ya kasance mai zuwa coci, Fasto, amma mu faɗi gaskiya, sai Lahadin da aka yi ruwa kake ganin fuskarsa. Sauran Lahadin, tun daga Asabar yana tare da mu a kan doron tsaunukan Daegan, muna cinye tsawon ƙasar nan yanki-yanki, daga Jirisan har Jinburyeong. Inda muka sauka wannan mako, nan bas zai sake ajiye mu, mu ɗora.

Ya kasance ɗan bayanmu. Kowa na son gaba, a ɗauke shi hoto a kan ƙololuwa yana washe baki. Shi kuwa baya ya zaɓa, tare da masu haki da masu ciwon gwiwa da masu rantsuwa ba za su ƙara zuwa ba. Jakarsa kamar kanti: kokwamba, naɗin shinkafa, bandeji, da buhun da yake tsintar sharar da wasu suka zubar. Duk mararrabar da ke ɓatar da mutane sai ya ɗaura jan ƙyalle a reshe. Kuma bai taɓa dafa dutsen alamar mashiga, inda yanki ke ƙarewa, ba sai kowa ya iso ya dafa.

Kun san dokarmu. Wanda yanki ya wuce shi, sai ya koma da ƙafarsa ya yi faci, in ba haka ba sunansa ba ya hawa tutar waɗanda suka kammala. Faci kuwa wahala ne: ba bas, ba abokan hira, kai kaɗai da gandun daji. To wa ke raka mu? Ku ɗaga hannu, wanda Yaya ya taɓa rakawa faci. Ku duba fa! Ai kusan rabin zauren nan ne. Ni da kaina, shekarar da mahaifiyata ta kwanta asibiti yankin Dutasan ya wuce ni, na ce na haƙura da Daegan gaba ɗaya. Ya zo shagona ya zauna a kujerar aski, ya ce ba zai tashi ba sai na sa rana. Ga shi ko gashin kirki babu a kansa balle in aske.

Amma shi ma yana da ramin da bai cike ba. Bikin Hye-rim ya faɗo ranar da za mu yi Chupung zuwa Keunjae. Hye-rim, ban san ko an taɓa gaya miki ba, babanki ya tambayi mamanki ko za a iya ɗaga bikin da mako ɗaya. Amsar da ya samu ba ta faɗuwa a gaban Fasto. Ya je biki, ya sha kwat, yanki ya wuce shi. Kuma wane yanki? Mafi sauƙi a duk Daegan, 'yan tuddai da gonakin inabi da garken shanu. Kullum sai ya ce wannan ai da silifas zai yi shi. Duk Asabar ɗin da ya ware masa, sai wani ya kira yana neman rakiya, ya bi wancan.

Ranar da muka isa Jinburyeong muka buɗe tuta, sunansa ba ya ciki. Muka ce a rubuta mana, wa ya kai shi taka Daegan? Ya haɗe rai ya ce wanda ya rubuta, shi zai goge da hannunsa. Shi ya ɗauke mu hoton.

Shekaru suka tafi a haka, sai ciwon huhu ya zo. Likita ya ce watanni ne suka rage. Na je gaishe shi na tarar matakalar gidansa ma sai ya huta sau biyu. A raina na ce shi ke nan, Yaya zai tafi da raminsa.

Sai ga waya daga matar Yaya. Ku tuna fa, baiwar Allah nan ta tsani dutse. Takan ce da za a sayar mata da Daegan da ta saya ta sa a baje shi. Ita ce ta ce mini, “Ƙanin miji, ina ne Chupung ɗin nan? Ka zo ka nuna mini hanya, tsohon nan ya hana ni barci da nishi.”

Jama'a, abin da idona ya gani a lokacin kakar waccan shekara! Tafiyar da muke yi kafin rana ta karkata, suka yanyanka ta ƙanana-ƙanana. Ita ke tuƙa mota, sanye da takalman Hye-rim da suka yi mata yawa. Su hau, ya yi tafiyar da numfashinsa ya yarda, ya ɗaura jan ƙyalle a bishiyar da ya tsaya, su gangara. Asabar ta gaba su sake hawa har bishiyar nan, ya kwance ƙyallen, ya ɗora. Akwai inda hanyar ke bin titin siminti na manoma, na ce Yaya shiga mota mu wuce nan, wa zai sani? Ya kalle ni ya ce, “Kai aski ka iya, ka tsaya a askinka.” Ita kuma tana biye tana mita, ƙaya ta kama mata wando, shanu suna wari, wane irin mahaukata ne ke kiran wannan hutu. Amma ko Asabar ɗaya ba ta fasa ba.

Ranar ƙarshe ban gaya wa kowa ba sai Shugaba, shi kuma kun san bakinsa. Bas biyu suka cika! Har waɗanda suka bar ƙungiya tuntuni suka zo. Muka bi shi a baya sannu a hankali, mutum bai isa ya yi tari ba. Da dutsen alamar Keunjae ya bayyana muka dare gefe biyu muka buɗe masa hanya, yau dai ya fara dafawa.

Ya tsaya, ya dogara da sandarsa, ya ce mu wuce. Muka roƙe shi, ya ƙi. Haka muka bi layi muna dafawa, manya-manyan maza suna sharar hawaye da hula. Muka gama, bai motsa ba, yana kallon baya. Ashe matar Yaya ce ba ta iso ba, gwiwa ta riƙe ta a gangara. Yana tsaye, aka kawo masa kujera ya ture. Da ta iso tana ɗingishi ta ce, “Baban Hye-rim, wuce mana, kai ake jira.”

Ya ce, “Maman Hye-rim, tunda nake ban taɓa barin kowa a baya ba sai ke. Kowace Asabar na bar ki. Yau dai ki wuce.”

Ta dafa. Sannan ya dafa. Ihun da muka yi, na tabbata har shanun Chupung sun ji! Bai kai ganin narkewar ƙanƙarar hunturun nan ba, amma ya ga sunansa a kan tuta, kuma bai goge ba.

Matar Yaya, mun karɓe miki Asabar ɗinki shekara da shekaru ba mu taɓa cewa mun gode ba. Yau muna cewa. Hye-rim, ki gaya wa 'ya'yanki kakansu ya kammala Daegan, babu taku ɗaya na aro a ciki. Mun gode wa Fasto, mun gode wa matan coci da suka dafa mana abinci, mun gode wa duk wanda ya rufe shagonsa ya zo.

Ubangiji, ga bawanka Man-seok ya iso gare ka a gajiye. Ka sauke masa jakarsa, ka ba shi wurin zama mai inuwa, ka riƙe hannun matarsa da 'yarsa. Mu da muka saba shi ne a bayanmu, yanzu ya riga mu. Ka sa kada ɗayanmu ya ɓata a hanya. Amin.