Gashin Noeleen da Ɓerayen Farfesa

"Ba don ni ba, da har yau duniya ba ta san yadda ƙwayar cutar daji ke rabuwa biyu ba," in ji wani farfesa da ke tsaye kusa da Noeleen a kasuwar Asabar ta Hobart, gaban rumfar da ake aske kai don tara kuɗin bincike. Shekara talatin tana renon gashinta, yau za ta sadaukar da shi saboda ƙanwarta Raelene da cutar ta kwantar.

"Sannu da ƙoƙari. Mutum nawa ka warkar?"

"Baiwar Allah, ba haka ake auna mu ba. Sau dubu huɗu masana suka ambaci sunana a takardunsu."

"Duk sun warke?"

"Su ai lafiyarsu ƙalau. Amma ɓeraye ɗari tara sun sami sauƙi a hannuna."

"Madalla. Suna ina, in kai Raelene ta gaishe su?"

"Sai an yanka ɓera ake sanin ya warke."

"Mutane fa, Farfesa?"

"Nan da shekara goma sha biyar, in kuɗi bai yanke ba."

"Ita likita bai ba ta wuce Kirsimeti ba. To, shiga gabana, taka sumar ma ta isa aski."

Ya shafa kansa. "Ni hoto aka gayyato ni. Jibi ina da jawabi a Honolulu."

Mai aski ya kira Noeleen, ta zauna. Farfesa ya tsaya a bayanta yana yi wa mai hoto murmushi, sannan ya roƙe ta ta ɗan sunkuya, wai kanta na tare masa fuska.

Ta sunkuya.