Na Yaye Ta, Ubanta Bai San Sunanta Ba

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Tudun Wadan Zariya nake rubuto muku.

Ina da ciki wata bakwai jami'an tsaro suka kama maigidana, wai ya ɗauki ɗan ta'adda a kekensa na haya. Da na haihu, wansa ya je ya tambayo shi sunan da za a raɗa wa jaririyar, aka ce an mayar da su wani gari. Ya bi su can, aka ce gwamnati ba ta gama shawarar inda za a ajiye su ba. Dole dangi suka sa mata sunan mahaifiyarsa.

Jiya na yaye ta, Malam. Na daina sa ran a sallame shi. Don Allah masu sauraro, wa zan tambaya garin da yake, ko ya ji sunan 'yarsa?