Ƙafar da Ƙayar Kurungu Ta Soka

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, har da waɗanda suka sunkuyar da kai da suka ga na miƙe.

Ni ne Bulus masunci, kun san ni. Bara ina jan koma a bakin ruwa wajen Ngaski na taka kifin nan kurungu, ƙayarsa ta shige mini tafin ƙafa. Na zare, na ɗaure da tsumma, na ci gaba da aikina. Ƙafa ta kumbura, ta ɗau zafi. Sai kaluluwa ta fito mini a matsematsi kamar ƙwan zabo.

Yayana Ishaya ya duba, ya ce ai ciwon ne ya hau sama, a fasa shi kafin ya kai ciki. Ya kawo wanzami. Suka danne ni, aka sa ƙarfe a wuta, aka yi wa kaluluwar sakiya. Tafin ƙafar kuwa ko kallonsa ba su yi ba. Ina ihu, Ishaya na cewa, "Rufe mana baki, kai ba namiji ba ne?"

Ƙafa ta fara wari. Na aika majami'ar nan a zo a yi mini addu'a. Aka ce Fasto na taro, dattawa na yankan shinkafa. Matata Rahila ce kaɗai ke kore mini ƙuda.

Ita ta ɗora ni a babur har asibiti a Yelwa. Likita ya ga ƙunar, ya tambaya wa ya yi wannan aika-aika. Ya ce in ƙwayar cuta ta shiga rauni, naman wurin kan aika saƙo, kaluluwa kuma barikin sojojin jiki ce. Can suke jin kira, su yawaita, su sauko yaƙi. Kumburinta alama ce sun amsa, mu kuwa muka kai musu wuta. Ya ce in magani bai kama ba, daga gwiwa za a yanke.

Nan na yi addu'a, ba ta ladabi ba. Na ce, "Ya Ubangiji, jikina ma ya ji kira ya taso. Kai fa?"

Ya amsa. Zazzaɓi ya sauka, magani ya kama. Yatsu biyu suka tafi, ƙafa ta tsaya.

Na gode wa Ubangiji. Ku dogara gare shi, shi kaɗai. Fasto ya ce lalle in ce na yafe. To, na yafe. Amma takalmin nan zan cire, in bi ku benci-benci, kowa ya duba da kyau. Ishaya, da kai zan fara.