Wasiƙar da Na Karanta wa Surukata

Mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro cikin sunan Yesu. Daga Kontagora nake rubutowa, amma don Allah ka sakaya sunana.

Mijina soja ne, yana bakin daga, kuma wata biyar ke nan ba mu ga wasiƙarsa ba. Surukata da muke zaune tare ba ta iya karatu ba, tunaninsa ya hana ta cin abinci. Ni kuwa mai son littattafan labarai ce, inda kullum wasiƙa takan iso a kan kari. Da tamu ta ƙi zuwa, sai na rubuta wata da hannuna kamar daga gare shi, na karanta wa Inna cewa yana lafiya, zai dawo kafin Kirsimeti. Ran nan ta cinye tuwonta tas.

Jiya ta ce mini, "'Yata, adana takardar nan. Ranar godiyar kaka Fasto zai karanta ta a gaban jama'a, in kai kwaryar dawa baiko."

Fasto ya san rubutuna, domin shi ya koya mini.

Na gaskata mijina yana hannun Allah, ni ce na kasa jira. Na san alherinsa ya isa ya gafarta mini, amma ban san ko zuciyar Inna za ta ɗauki gaskiya ba. Jama'a, saura mako uku. In fara zuwa wurin Fasto ne, ko in durƙusa a gabanta?