Gamba Ta Ƙare a Beri

Marta: Halo, Yaya Andarawus? Ina wuni?

Andarawus: A'a, Marta! Lafiya lau. Ya mutanen Beri? Ya ruwa?

Marta: Ruwa ya yi gyara. Ya Kontagora, ya su Anti Rachel da yara?

Andarawus: Suna lafiya. Ya Baba?

Marta: Yana nan. Yaya, Baba ya yarda zai dawo wurinka.

Andarawus: Me? Layin na yankewa, sake faɗa.

Marta: Na ce ya yarda! Ka gyara masa ɗaki.

Andarawus: Kai, mun gode Allah! Mutumin da na yi ta roƙo yana ce mini sai dai a ɗauko gawarsa? To ke me ya sa muryarki haka?

Marta: Gamba ta ƙare, Yaya. Filin da yake yanko ciyawar zana, tofa ta cinye shi tas. Ko shanu ba sa tsayawa a wurin.

Andarawus: Ba kun sa mata wuta ba?

Marta: Wutar ce ta kashe mu. Gamba ta ƙone, tofa kuwa saiwarta na ƙasa, ita ta fara tsirowa. Aka yi feshi, ta bushe, ruwa na sauka ta dawo. Shekaranjiya ya tafi neman gamba har bayan rafi, tsiron tofa ya huda masa ƙafa. Hannu wofi ya dawo, yana ɗingishi.

Andarawus: Wayyo! Babu wanda ya san maganinta?

Marta: Malamin gona ya ce inuwa ce ke kashe ta. A shuka abin da zai rufe ta, a yi haƙuri 'yan shekaru. Baba ya yi dariya, ya ce shekarun ne ba shi da su.

Andarawus: Haba Baba...

Marta: Jiya ya wasa laujensa, ya kai wa maƙwabci kyauta. Ban taɓa ganin Baba zaune da rana tsaka ba sai yau. Na shiga ɗaki na yi kuka.

Andarawus: Ki daina. Nan zai huta, ga fanka, ga talabijin.

Marta: Akwai saƙonsa, katina zai ƙare. Ya ce in tambaye ka, a gidan naka akwai abin da mutum zai yi da hannunsa?

Andarawus: Da hannunsa?

Marta: Yaya? Yana nan kusa da ni, yana jira. Me zan ce masa?

Andarawus: Ki ce masa... Marta, ki ce... Halo? Halo?